Littafin ƙullutun hammata: abin da nake rubutawa a ɗakin magani na makarantarmu

14 ga Janairu

Yau na buɗe littafin. Rajista ce mai bango mai kauri, na ja mata layuka da biro: kwanan wata, aji, shekaru, hammatar dama ko ta hagu, faɗin ƙullutun da santimita, yana zafi ko ba ya yi, yana motsi ko ya kafe, sai fili na ƙarshe mai faɗi inda zan rubuta abin da na gani a hannu, ƙirji da baya. Ba na sa suna. Kowace yarinya lamba nake ba ta, sunayen kuma suna wani wuri da ni kaɗai na sani. A nan ma ba zan ambaci kowa ba.

Makarantar kwana ce ta 'yan mata, ni kuma ni ce nas ɗinta. Tun watan Oktoba, da aka zo aka yi musu faɗakarwa kan sankarar mama, ba a cika mako ba tare da wata ta leƙo, ta jira kowa ya fita, sannan ta ce ƙasa-ƙasa, "Anti, wani abu ya fito mini a hammata." Faɗakarwar ta yi amfani, sai dai ta bar tsoro a baya, kuma ba a gaya musu cewa sankarar mama a shekarunsu abu ne da da wuya ƙwarai a gan shi ba. Yanzu kowane ƙurji ciwon daji ne a bakin 'yan ɗakin kwana. A ɗaya ɓangaren kuma akwai waɗanda ba za su taɓa zuwa ba, tunda abin ba ya damunsu.

Abin da nake so kafin ƙarshen zango na uku shi ne takarda mai shafi ɗaya da Hausa, wadda matiron-matiron da iyaye za su duba su san wanne ake jira, wanne ake kai wa asibiti ba tare da an kwana ba. Shugabar makaranta ta amince, da sharaɗin ta gani kafin a buga.

21 ga Janairu

Akasarin abin da suke kawo mini kaluluwa ce. A kowace hammata akwai 'yan ƙananan gudaje, daga 20 zuwa 40, waɗanda ruwan jikin da ke dawowa daga hannu, ƙirji, mama da saman baya yake bi ta cikinsu a tace shi. Idan ƙwayar cuta ta shiga ta wani rauni a waɗannan wurare, ƙwayoyin kare jiki sai su taru a kaluluwar su hayayyafa, ta kumbura ta yi zafi. Aikinta take yi. Shi ya sa na ƙaƙaba wa kaina ƙa'ida: kafin in taɓa hammata, sai na duba hannu tun daga farce har kafaɗa, tsakanin yatsu, gwiwar hannu, sannan baya. Da yawa amsar tana can.

Yadda nake dubawa: yarinya ta zauna, ta ɗora hannunta a kan nawa ta sake shi gaba ɗaya. Idan ta ɗaga hannun sama kamar yadda dukkansu suke yi da farko, naman wurin ya ɗaure, ba za a ji komai a ciki ba. Sai in tura yatsu can ƙololuwar hammata in gangaro a hankali ina danna su jikin haƙarƙari. Na gama, sai ɗayar hammatar, sai wuya, sai ramin da ke saman ƙashin da ya gitta daga kafaɗa zuwa ƙirji, sai matsematsi idan da dalili.

Awo ne ya fi ba ni aiki. In na tambayi girmansa lokacin da ya fara, wannan ta ce kamar gyaɗa, waccan ta ce kamar goro, goron ma ba a san na nawa ba. Na yanke rular roba gida biyu, na ajiye guntun a aljihun riga. Ina kama ƙullutun tsakanin yatsu biyu, in ɗiga biro a gefe da gefe, in auna tsakanin ɗigon. Ba awon asibiti ba ne, amma in mutum ɗaya ne yake yi kullum ta hanya ɗaya, zai nuna ko abu yana ƙaruwa. A hammata, abin da bai kai santimita 1 ba, mai laushi, mai zillewa, ba ya tayar mini da hankali, musamman a siririyar yarinya da ake iya jin kaluluwarta ko lafiyarta ƙalau. Ya wuce santimita 2, na fara rubuta takardar turawa.

29 ga Janairu

'Yar aji biyu ta zo tana kuka, hammatar dama ta kumbura, ba ta iya sauke hannu. Na ce ta miƙo yatsunta. Karkare ne a ɗan ali, ta naɗe shi da tsumma da man zafi, ita ba shi ta kawo ƙara ba. An fitar da mugunyar a asibiti, an ba ta magani. Na auna kaluluwar santimita 1.5, na sa mata ranar dawowa. Irin wannan cikin mako biyu zuwa huɗu take sacewa, ko da yake wani lokaci ɗan guntu yakan rage ya daɗe ana jin sa.

Sanyin hunturu ma ya farfasa musu hannu, ga ƙazwa ta ɓulla a ɗaki ɗaya. Ina sa ran layukan littafin za su cika da wuri.

6 ga Fabrairu

Na samu minti ashirin bayan sallar la'asar na yi wa manyan azuzuwa magana a zauren taro. Na fara da reza, don nan ne dariya take. Reza ɗaya takan zagaya ɗaki guda, a yi aski a bushe ba sabulu, a bi gashi ta baya don ya kwanta sumul, a gama a goga alimun ko lemun tsami, wasu su bi da turaren hammata nan take. Fata ta tsattsage, gashi ya lanƙwashe ya koma ciki, washegari ƙurji. Na gaya musu bambancin da za su iya ganewa da kansu: abin da ke cikin fata, in ka kama fatar ka ɗaga, tare suke tasowa, sau da yawa ja ne kuma yana da baki. Kaluluwa kuwa tana ƙarƙashi, fata tana zamewa a kanta. Batun aron reza na tsaya a kai sosai, ba don ƙurji kawai ba, don ciwon hanta nau'in B da ake ɗauka ta jini.

Sai na faɗi abin da ya kai ni wurin. Na ce musu zafi ba shi ne ma'aunin haɗari ba. Mai zafi, mai ja, wanda ya taso cikin kwana biyu, galibi ƙwayar cuta ce, kuma shi da kansa zai koro ki wurina. Wanda nake nema shi ne wanda ba ya zafi, mai tauri ko mai danƙo, wanda ya yi wata guda ko fiye yana nan ko yana ƙaruwa. Zauren ya yi tsit na ɗan lokaci, sannan aka ci gaba da zolayar juna.

Bayan isha'i wata 'yar aji biyar ta ƙwanƙwasa. Shekarunta 16, mai shiru-shiru, ban taɓa ganinta a ɗakin magani ba. Ta ce, "Anti, irin wanda kika ce ne, amma wallahi ba ya mini komai." Hammatar hagu. Santimita 2.5, da ɗan tauri, ba zafi, kuma da na shafa sosai sai na ji ba ɗaya ba ne, biyu ne ko uku manne da juna. Hannu tas, ba rauni. Mama lafiya. Wuya ban ji komai ba. Ta ce tun kafin hutun Disamba ta lura da shi. Na tambaye ta gumin dare, ta ce takan farka rigarta jiƙe. A wannan sanyin da kowa yake ƙudundune da bargo! Na ɗora ta a sikeli na rubuta. Siket ɗinta ta ɗaure shi da fil.

A littafin nan zan riƙa kiranta Mai Shiru.

12 ga Fabrairu

Wata kuma daban, mai daɗin bayani. 'Yar aji huɗu, tudu mai laushi a gaban hammata, ba shi da iyaka da za a kama a auna, yana cika ya yi nauyi kwanaki kafin al'adarta, ya lafa bayan ta gama. Ta ce mahaifiyarta ma tana da shi, lokacin goyo har ya fi haka girma. Wannan naman mama ne da ya zarce. Tun jariri yana ciki akwai layi biyu daga hammata zuwa matsematsi inda naman mama zai iya tsira, a yawancin mutane ya ɓace sai wuri biyun da aka sani, a wasu ɗan saura ya rage, sai balaga ta tashe shi. Ba cuta ba ce. Na ce ta dawo bayan al'ada da mako guda in sake ji, kuma idan aka je hutu a yi mata sikanin sau ɗaya hankali ya kwanta, don duk abin da kan iya samun mama zai iya samun wannan naman.

Na ƙara layi a littafin: ranar al'ada ta ƙarshe.

20 ga Fabrairu

Mahaifin Mai Shiru ya zo. Tun washegarin ranar da na gan ta aka yi masa waya, amma yana kan hanyar fatauci. Dattijo ne mai fara'a, ya zauna bakin benci ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Inna matiron tana wurin. Da na gama bayani ya ce, "Malama, ai kaluluwa ce. Mu ma duk mun yi. In kin yarda in tafi da ita gida, akwai wanzaminmu, sakiya ɗaya zai yi mata ya fitar da dattin."

Na ce, "Baba, da maruru ne da ya nuna, da akwai dattin da za a fitar, shi ma a asibiti ya kamata. Wannan ba ruwa a cikinsa. In aka huda shi, rauni za a bar mata da zai iya ƙin warkewa, ga manyan jijiyoyin jini da na hannu suna wucewa ta wurin." Na jawo littafin na nuna masa layinta: ranar 6 ga wata 2.5, yau 2.8. Na nuna masa nauyinta na yau da wanda aka rubuta a katinta farkon shekarar karatu. Ya daɗe yana kallon lambobin. Ya tambaya kai tsaye, "Ciwon daji ne?"

Na ce masa hannuna ba zai iya faɗa ba, hannun likita ma ba zai iya ba, sai an gwada. Abubuwa biyu ne ake fara kawarwa idan kaluluwa ta yi haka a matashi: tarin fuka da ya sauka a kaluluwa, da kuma sankarar kaluluwa da ake kira limfoma. Dukansu ana maganinsu, kuma dukansu sun fi jin magani da wuri. Ya ce yarinyar ko tari ba ta yi. Na ce haka ne, wannan nau'in ba dole sai da tari ba. Inna ta sa baki, "Alhaji, ka bari a kai ta. Wanzamin yana nan, ba inda za shi." Ya yi dariya, ya mayar da hula, ya karɓi takardar turawa asibiti.

A takardar na jera komai: awo da ranaku, gumin dare, rama, rashin rauni a hannu, babu allurar riga-kafi kwanan nan, babu yakushin kyanwa. Riga-kafi na ambata don yakan kumbura kaluluwar gefen da aka yi allurar na ɗan lokaci. An ga haka sosai lokacin riga-kafin korona, kuma iyaye mata sun san shi a jarirai bayan allurar BCG ta riga-kafin tarin fuka.

3 ga Maris

Sun dawo daga babban asibiti. An ɗibi jini, an yi hoton ƙirji, an yi sikanin hammata. Jininta ya ɗan yi ƙasa, ƙirji ba a ga komai ba, gwajin HIV lafiya. Likita ya ba ta maganin kashe ƙwayoyin cuta na mako biyu, ya ce in bai motsa ba za a tsotsi abin da ke ciki da allura. Na karɓi maganin, a hannuna take sha.

Wani abu da ya sa na bi ɗakuna da Inna yau: ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha-ka-fashe. Da yawansu dezametazon ne, kuma wannan dangin magani, wato sitiroyid, yana sace kaluluwar limfoma na ɗan lokaci, a ɗauka an warke, gwajin nama ma ya rikice, tarin fuka kuwa ya samu hanya. Mai Shiru ta rantse ba ta sha, na kuma yarda da ita, amma yarinyar da ke ramewa ita ce wadda ƙawaye za su fara miƙa wa. Wannan sai ya shiga takardar iyaye: kada a bi ta kemis a sayo komai kafin likita ya gani. Ampiclox ma da ake sha kamar alewa, kwana biyu a watsar, ba ya amsa tambayar da muke yi.

17 ga Maris

Zafi ya shigo, maruru ya biyo shi. Wannan makon littafin kusan duk shi ne. Ja, zafi, bugawa, bayan 'yan kwanaki ya yi baki. Tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi, minti goma zuwa sha biyar, sau uku ko huɗu a rana, ba matsewa, ba reza har ya warke, kowa da tawul ɗinta. In ya yi girma ko ya zo da zazzaɓi, ko jan ya fara bazuwa, asibiti ranar. Wadda yake yawan dawo mata ina tura ta a auna sikari, kuma ina tambayar man da take shafawa, don mayukan bilicin masu haɗin sitiroyid suna sirantar da fata su rage mata ƙarfin kare kanta. Ba sa son tambayar. Fuska da gwiwar yatsu ne suke ba ni amsa.

Ɗaya daga ciki ba maruru ba ne, ko da yake shekara biyu ana kiransa haka. 'Yar ajin ƙarshe, hammata biyun duka, har da ƙarƙashin mama. Tsofaffin tabo masu kauri, sababbin ƙulle-ƙulle masu zafi, da 'yan ramuka da ke tsattsafo da ruwa, in an danna nan ya fito can. Wannan ya yi kama da abin da likitocin fata suke kira hidradenaitis: ramin gashi ne yake toshewa ya fashe a ƙarƙashin fata, yakan fara bayan balaga, ya fi yawa a mata, yana bin dangi a wasu gidajen. Ba ƙazanta ke kawo shi ba kuma ba a ɗaukarsa. Wannan jimlar ce ta sa ta fashe da kuka. Ashe 'yan ɗakinsu sun daina taɓa bokitinta, ita kuma tana dirje wurin da soso da sabulun wanki har sau uku a rana, abin da ke ƙara hura shi. Na rubuta mata takardar ganin likitan fata, na ce ta bar aski da matsattsun riguna na ciki. Na kira shugabar ɗakin na yi mata magana ita kaɗai.

A takardar da nake shiryawa ban san inda zan sa irin wannan ba tukuna. Ba ya kisa, amma wanda ya ce a jira shi ya wuce ya cuci yarinya.

28 ga Maris

Maganin mako biyu ya ƙare, ƙullutun Mai Shiru bai ko gezau ba. Santimita 3 yanzu. An tsotsa da allura, abin da aka samu bai isa a yanke hukunci ba, don haka aka tura su asibitin koyarwa a ciro kaluluwa ɗaya sukutum a duba. Mahaifiyarta ta kira ni hankali tashe, ta ce an gaya mata in ƙarfe ya taɓa ciwon daji sai ya bazu. Na ce, "Mama, ba haka ba ne. Abin da ke sa mutane su faɗi haka, da yawa ba a zuwa sai abu ya riga ya yi nisa, sai a ɗora wa wuƙa laifi. Ba tare da an ga naman a madubin likita ba, ba wanda zai san maganin da za a ba ta, kuma maganin wannan ba shi ne na wancan ba."

Na koma littattafaina a kan limfoma don kada a tambaye ni in yi inda-inda. Nau'in da aka sa wa sunan Thomas Hodgkin, likitan Ingila da ya bayyana shi a 1832, yana cikin sankarar da ta fi samun matasa daga shekara goma sha biyar zuwa sama. Kaluluwa mai danƙo marar zafi, galibi a wuya, wani lokaci hammata, tare da zazzaɓin da ba a san dalilinsa ba, gumin dare mai jiƙa riga, ƙaiƙayin jiki, da rasa kashi 10 cikin 100 na nauyi a wata shida. Yana kuma cikin waɗanda aka fi samun nasarar warkarwa. Wanda Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958 shi ne muka fi sani a nan, amma ya fi kama ƙananan yara, a muƙamuƙi ko ciki, kuma girmansa na kwanaki ne, ba ya jiran wata uku. Sai sankarar jini, wadda kan zo da kaluluwa a wurare da yawa, da fari fat, da zubar jini a dasashi, da ciwon ƙashi. Abin da ke da wuya shi ne alamomin Hodgkin da na tarin fuka kusan ɗaya ne in daga waje kake kallo.

Ranar 24 ga wata, ranar tarin fuka ta duniya, an liƙa fosta a bakin ɗakin magani. Duk hoton mai tari ne a kai.

Gobe ake tafiya hutu. Na bai wa duk mai buɗaɗɗen layi 'yar takarda da awonta da ranar da ya kamata a sake dubawa.

30 ga Afrilu

An dawo. Sakamakon Mai Shiru ya fito lokacin hutu: tarin fuka ne na kaluluwa. An gani a naman, na'urar GeneXpert mai gano ƙwayar tarin fuka ma ta tabbatar, kuma ba nau'in da ke bijire wa magani ba ne. Mahaifinta ya kawo ta da kansa, da ledar magani da katin asibiti. Ya ce, "Malama, tarin da ba tari. Allah mai iko." Ya ajiye mini ƙullin dabino.

Wata shida za ta yi tana shan magani, wata biyun farko haɗin magunguna huɗu, sauran huɗun haɗin biyu. Kyauta ake bayarwa a cibiyoyin tarin fuka na gwamnati. Da asuba kafin karin kumallo take zuwa ta haɗiye a gabana in sa alama a kati. Na riga na gaya mata fitsarinta zai yi ja-ja, aikin rifamfisin ne, ɗaya daga cikin magungunan, kada ta tsorata. Abin da za ta zo ta gaya mini da gudu shi ne idan ido ya yi rawaya, ko amai ya matsa, ko gani ya fara dushewa. Na kuma gaya wa Baba cewa a wasu mutanen kaluluwar takan ƙara kumbura a farkon magani kafin ta sace, kada ya ce maganin bai karɓe ta ba ya koma neman wanzami. Haɗarin yanzu shi ne wata na uku, lokacin da za ta yi ƙiba ta ji garau, kowa ya ce a bari haka.

Tunda huhunta lafiya ne ba ta tari, ba ta yaɗa wa kowa, likita ya rubuta haka a takarda. Amma ita a wurin wani ta ɗauka. An duba mutanen gidansu, aka samu kakarta da ta daɗe tana tarin da ake ce wa na tsufa. Ita ma ta fara magani. A nan makaranta na roƙi Inna a bar maganar tsakaninmu, na kuma fara tambayar 'yan ɗakinsu ɗaya bayan ɗaya ko akwai mai tarin da ya kai mako biyu, ina haɗa su da na sauran ɗakuna don kada a gane daga ina tambayar ta taso.

Mai karkare, an rufe layinta tun Fabrairu. Mai naman mama ta kawo sakamakon sikanin, daidai da abin da muka zata.

9 ga Mayu

Na kai wa shugabar makaranta zanen farko na takardar. Ta karanta da jan biro a hannu. Ba ta son kalmar sankara ta fito ko sau ɗaya, ta ce iyaye za su cika ƙofar makaranta. Na ce, "Ranki ya daɗe, kalmar tana bakin yaran tun Oktoba. In ba mu faɗe ta tare da cewa da wuya ne kuma ana magani ba, za su ji ta a wurin wanda ba zai faɗi hakan ba." Mun tsaya a kan ta fito sau ɗaya, a ƙasa, bayan an gama lissafa abubuwan da suka fi yawa. Ta kuma ce shafin ya cika rubutu, kuma a nan ta fi ni gaskiya. Inna da na ba ta ta gwada karantawa ta tsaya a tsakiya.

Abin da ba zan rage ba shi ne tsakiyar takardar. A duba hannu da ƙirji a nemi rauni. A auna a rubuta rana. Mai laushi, mai motsi, mai dalili a bayyane, a ba shi mako biyu zuwa huɗu yana raguwa. Wanda ya wuce santimita 2, ko mai tauri, ko wanda ya kafe ko ya manne da 'yan'uwansa, ko ya kai mako huɗu bai ragu ba, ko aka ji wani a ramin saman ƙashin wuya komai ƙanƙantarsa, ko ya zo da gumin dare, rama da zazzaɓi mai daɗewa, asibiti cikin makon nan ko da ba ya zafi. Mai ja da zazzaɓi mai ƙarfi, yau. Ba sakiya, ba matsewa, ba kemis. Wata matiron ta nemi in ƙara layin da zai ce wane ne tabbas ba komai. Na ƙi, don yatsa ba ya ba da wannan tabbacin. Abin da zan iya ba ta shi ne ranar da za a sake aunawa.

Sabon layi na jiya: 'yar aji uku, hammatar dama, santimita 2, da ɗan zafi, da wani busasshen ƙurji a bayan hannu. Ta tuna ɗan kyanwar gidansu ya yakushe ta ana gab da dawowa. Ya dace da cutar yakushin kyanwa, wadda kaluluwarta kan taso mako ɗaya zuwa uku bayan yakushin, ta kuma iya kai wata biyu zuwa huɗu kafin ta sace. Ga shi dalili a bayyane, ga shi kuma za ta ƙetare iyakar mako huɗun da na sa. Na tura ta likita ya gani duk da haka, na sa ranar awo mako mai zuwa. Takardar za ta koma wurin shugaba ranar Litinin, da rubutu rabin na yanzu da zanen rula a gefe, wanda malamin zane ya ce zai yi daidai da santimita na gaske in mai buga takarda bai rage girman shafin ba.